Yoyon haske a kyamarar roba: me ya sa fim ɗina ya ƙone?

Tambaya: "Assalamu alaikum Baba. Ni ɗaliba ce a Gombe, a Tumfure nake zaune. Na sayi ƙaramar kyamarar roba mai fim, Kodak M35, saboda hotunan da nake gani a Instagram masu jan haske a gefe kamar wuta ta lashe su. Fim na farko ya fito tas, babu ko ɗigon ja. A na biyu sai na buɗe bayan kyamarar da azahar a tsakar gida, kamar yadda wata ƙawata ta ce in yi. Hoto 7 suka fito fari fat, har da na walimar yayata. Yaya ake yin abin nan ba tare da asarar fim ba? Ko sai na sayi Holga?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya kuma mayar miki da alheri, don hotunan walimar nan kam sun tafi, babu mai wankin da zai dawo da su. Sai da na yi dariya ni kaɗai a shago da na karanta saƙonki, ba don asararki ba, don abin ya tuna min da baya. Shekaru na yi ina yaƙi da wannan jan hasken. Lokacin da muke yawon gidajen biki a nan Bauchi da kyamara rataye a wuya, daga Jahun har Yalwa, idan ja ya fito a gefen hoton amarya to ranar babu kuɗinka, wataƙila ma a haɗa maka da baƙar magana. Na taɓa ɗaukar kamu tun daga farko har ƙarshe da kyamarar da soson ƙofarta ya narke ya zama danƙo ban sani ba. Kowane hoto sai ga jan layi ya ratso ta kan lallen amarya. Uwar biki ta kalli hotunan, ta kalle ni, ta ce ko a bakin murhu na wanke su. Yau ga shi ana neman abin da kuɗi.

Tambayarki biyu ce a haɗe: me ya sa fim na farko ya ƙi yin komai, me ya sa na biyu ya wuce gona da iri. Amsar duka biyun ɗaya ce, wato yawan hasken da ya shiga da kuma ƙofar da ya bi. Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, ana buɗe bayan kyamara. Abin da ba ta faɗa miki ba shi ne a ina, kuma na tsawon wane lokaci.

Asalin abin

Kyamara akwati ce mai duhu, an bar wa haske ƙofa ɗaya tak, wato idon da ke gaba, kuma ba ya buɗewa sai an danna. Duk hasken da ya shiga ta wata kafa daban shi muke kira yoyo, kamar dai rufin kwano da damina. Kyamarorin da suka yi suna da yoyo 'yan Hong Kong ne. Akwai Diana, wadda wata masana'antar roba mai suna Great Wall ta riƙa bugawa a shekarun 1960, mai arha ƙwarai, har ana ba da ita kyauta a matsayin tukuici. Akwai Holga, wadda ta fito a farkon shekarun 1980 don talakan Sin ya samu abin ɗaukar hoton iyalinsa. Dukansu roba ce har idon, kuma bayansu ba ya zama daram. Masu yin su ba da gangan suka sa yoyo ba, sauƙin farashi ne ya jawo. Daga baya ne ɗaliban zane a Amurka da Turai suka ga kyau a cikin aibin, sannan wasu matasa a Biyana ta ƙasar Austiriya suka kafa ƙungiyar masu hoto mai suna Lomography a 1992, suka mayar da irin wannan hoto abin yayi, har suka sake fito da Diana a 2007.

Taki kuwa sabuwar ƙira ce. Roba ce ita ma, amma murfinta yana shiga cikin kwarmi ya zauna, ga shi fim ɗin 35 da take ci, wato mai faɗin milimita 35, yana cikin gwangwaninsa mai bakin ƙyallen karammiski da ke tare haske. Shi ya sa fim ɗinki na farko ya fito lafiya lau. Ba a cuce ki ba, kyamarar ce ba ta yoyo.

Me ya sa ja, ba shuɗi ba

Nan ne nake so ki tsaya ki fahimta, don in kin gane wannan saura duk dabara ce. Fim mai kala hawa-hawa ne kamar gurasar da aka jera. Hawan da ke fuskantar idon kyamara yana jin shuɗin haske. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn labule rawaya da ke hana shuɗi wucewa. Sai hawan da ke jin kore, sai na can ƙasa mai jin ja, sannan ledar da ke ɗauke da su duka. Hasken da ya zo ta gaba yana bin wannan jerin yadda aka tsara, kala ta fito daidai. Wanda ya zo ta baya kuwa, ta wajen murfi, da hawan ja yake fara cin karo. In kaɗan ne, a nan zai ƙare, sai ki ga ja jawur. In ya ƙaru sai ya kai ga hawan kore, ja da kore su haɗu su ba da ruwan goro, sannan rawaya. In ya yi yawa ya ratsa duka ukun, sai fari. Wato hoto 7 ɗin nan naki sun bi ta ja, sun bi ta rawaya, sun zarce.

Wannan ke nuna miki cewa kalar yoyo ma'auni ce. Ja na nufin haske kaɗan daga baya. Farin hazo ko mai ɗan shuɗi yawanci daga gaba ya shigo, ta wajen ido ko wata tsaga a fuskar kyamara. Idan kuma fim ɗin baƙi da fari kika sa, kada ki jira ja, fari kawai za ki gani ko ta ina ya shigo.

Yanzu lissafin tsakar gidanki. M35 tana buɗe ido na kashi ɗaya cikin 120 na daƙiƙa, ta wata 'yar huda, f/10. Iyakar abincin da fim ke buƙata ke nan ya ƙoshi. Ke kuma kika buɗe masa murfi gaba ɗaya, a ce na daƙiƙa ɗaya ma, a ranar Gombe da azahar. Lokacin kaɗai ya ninka sau 120, ga kuma babu huda babu gilashi, rana ce tsirararta a kan fim. In aka haɗa, ninkin ya kai dubu-dubai. Yawancin masu ba da shawarar nan a intanet a ƙasashen sanyi suke, inda ake kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Abin da ya yi musu ja a can, a nan toka zai yi.

Fara da toshewa

Shawarata za ta yi miki kamar ta saɓa, amma ita nake ba duk wanda ya zo shago da wannan magana: kafin ki koyi buɗewa, ki tabbatar komai a toshe yake. Wanda rufinsa ke yoyo ta wuri biyar bai san wanne ya jiƙa masa katifa ba. Sayi baƙin tef irin na masu gyaran wuta, ki bi gefen murfi da shi bayan kin sa fim, ki bar wuri ɗaya kawai da kike son gwadawa. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubutawa: hoto na nawa, me na yi, a rana ko a inuwa, na ƙirga nawa. Fim ɗaya ki sadaukar don gwaji, ki ɗauki bishiyar darbejiya da katangar gida da kajin maƙwabta. Kada ki ƙara gwaji da biki. In biki ne, waya tana hannunki.

Game da fim, a ranarmu mai lamba 100 ko 200 (lambar da ke jikin kwalinsa mai nuna yadda yake jin haske) ya fi dacewa. Mai 400 ya fi jin haske, ninki biyu na mai 200, saboda haka yoyon da zai yi ja a mai 200 zai iya yin rawaya ko fari a mai 400. Ki zauna a kan fim ɗin nagatif na yau da kullum, irin su Kodak Gold 200, don yana da haƙuri da yawan haske. Fim ɗin silaid, wanda ake haska hotonsa a bango da majigi, ba ya yafiya ko kaɗan.

Buɗe murfi yadda ya kamata

Ga yadda nake yi. Ba a waje ba, ba ma a inuwar bishiya ba. A cikin ɗaki, an saki labule, hasken da ke ciki bai wuce wanda za ki iya gane fuskar mutum da shi ba. Bayan la'asar sakaliya ya fi. Ki riƙe kyamarar a ƙirji, babban yatsa danne da murfi, ki saki makulli, ki bari murfin ya ɗaga kamar kaurin katin waya, ki mayar nan take. Ba buɗewa ba ce, numfashi ne. In kin ga fim ɗin da idonki, kin wuce.

Ki kuma san wanda zai ji a jikinsa. Fim ɗin da bai fito daga gwangwani ba yana lafiya. Wanda ke shimfiɗe a bayan ido shi ne zai fi shan haske. Hotunan da kika riga kika ɗauka suna naɗe a kwarkwaron ɗaya gefen, na baya-bayan nan a sama, tsofaffin a ciki. Na saman yana kare na ƙasa, don haka haske yana raguwa yana shiga, kuma sau da yawa a hawa na biyu ko na uku ake samun jan nan mai laushi da kike nema. Wani lokaci har inuwar ramukan gefen fim ke sauka a kan hoton ƙasa kamar ɗan tsani, abin sha'awa. To tunda haka ne, ki ɗauki hoton da kike so, ki rufe idon kyamara da tafin hannu ki danna sau ɗaya ko biyu kina naɗawa, sannan ki yi numfashin nan. Waɗancan na banza su za su ƙone, na kirkin ya samu lasa kawai. Gara asarar gurbi biyu da kika zaɓa da kanki.

Wani abu da ke ruɗa sababbi: a yawancin kyamarorin 35, da zarar murfi ya motsa sai ƙirgen hotuna ya koma farko. Fim ɗin bai koma ba, lambar ce kawai ta manta. Ki rubuta inda kike kafin ki taɓa makulli. In naɗi ya cije a ƙarshe, kada ki tilasta, fim ya ƙare ke nan, ki mayar da shi cikin gwangwani.

Huda, da abin da na fi so

Hanyar da ta fi ba ni abin da nake so ita ce huda, amma sai a kyamarar da ba za ki yi kuka ba in ta lalace. Ina da wata ta gwanjo da na tsinta a Wunti cikin tarkacen rediyo da caja. Na ɗora allura a wuta na huda murfinta daga gefe, daidai inda kusurwar hoto take, na rufe da tef. In ina son yoyo sai in ɗaga tef ɗin in ƙirga, in mayar. A inuwa nakan ƙirga biyu zuwa uku, a rana ɗagawa da mayarwa kawai. Wannan ƙirgen na kyamarata ne da girman hudata, taki sai kin gwada. Ki duba ciki tukuna, don akwai faifan da ke danne fim a jikin murfi. In kin huda a bayansa hasken zai bazu ta gefe ya yi laushi, wanda ni na fi so ma, in kuma kin kauce masa zai sauka kai tsaye ya yi tabo mai ƙarfi. Na gwada liƙa ledar alawa mai kala a kan hudar. Ja da rawaya suna ƙara armashi. Shuɗiya ba ta cika yin abin kirki ba, saboda labulen nan rawaya da na faɗa miki yana tare ta.

Ki tuna hoto a kife yake sauka kan fim. Sama tana ƙasa, dama tana hagu. In kina son ja ya fito a saman hoto ta hannun dama, inda sararin sama yake, to a ƙasan murfi ta hagu za ki huda, in kina kallon kyamarar ta baya. Na ɓata fim guda kafin wannan ya zauna min a kai, duk jan ya sauka a kan ƙafafun dawaki a hawan sallah maimakon saman laima.

Kuma yoyo yana son duhu ya zauna a kai. Ƙarin haske ne, ba fenti ba, saboda haka a kan farar katanga ko farin sararin hunturu da ƙyar za a gan shi. A kan inuwar zaure, ko baƙin mayafi, ko duwatsun Dass da yamma, nan yake tashi kamar garwashi. Ki tsara hoton tun farko: mutum a gefe ɗaya, wuri mai duhu a gefen da yoyo zai shigo. Ba na son ya hau fuska. Wannan ra'ayina ne, na san matasa da yawa ba su damu ba.

Akwai masu shiga ɗaki mai duhu ƙirin su jawo fim daga gwangwani, su ƙyasta masa tocila daga nesa ta cikin yatsu, su mayar da shi, sannan su ɗauki hoto a kai. Yana aiki, har akwai kamfanoni a Turai da ke sayar da fim da aka riga aka yi wa haka. Sai dai ba ki san inda kowane tabo zai faɗa ba, kuma in kika yi sake harshen fim ya shige gwangwani, fito da shi wani aiki ne. Ki bar wannan sai hannunki ya faɗa.

Batun Holga

Kada ki saya yanzu. Ba don ba ta da kyau ba, ina da ita kuma ina son ta. Tana cin fim ɗin 120, mai faɗi, hoto 12 kacal a naɗi ɗaya in murabba'i kike ɗauka, ko 16 in kin sa ƙaramin firam. Samunsa a nan wahala, mai wanke shi ya fi wahala. Yoyonta kuma ba ya neman izini. Tana da jar taga a baya da ake leƙa lambar hoto, dabarar da aka gada tun zamanin da fim ba ya jin jan haske. Fim na yanzu yana ji, takardar da ke bayansa ce kawai ke kare shi, kuma a rana irin tamu in aka bar tagar a buɗe har lambobin takardar kan iya fitowa a jikin hoto. Ƙarafunan da ke riƙe murfinta su ne kuma maratayin igiya, in igiya ta ja su sai murfi ya faɗi ƙasa gaba ɗaya, shi ya sa duk mai Holga yake yawo da tef ko roba ta ɗaure kuɗi. Sannan fim ɗin 120 ba shi da gwangwani. In bai naɗu tamau ba, ya yi sako-sako, da kin fito da shi haske zai shiga ta gefuna. Masu son yoyo da gangan sukan ɗan sassauta naɗin a inuwa, masu gudunsa kuma su cusa ɗan kwali ƙarƙashin kwarkwaro don ya cije. Duk wannan abin koyo ne mai daɗi, amma da tsada. Koyi hannu a kan mai hoto 36 tukuna.

Zafi, tafiya, da mai wanki

Ba duk lalacewar fim ce yoyo ba. Zafin Maris da Afrilu yana dafa fim, kala ta dushe, duhu ya koma toka-toka a ko'ina, babu wani kyau a ciki. Kada ki bar kyamara a mota ko ƙarƙashin kujerar babur. Fim ɗin da ba ki buɗe ba ki sa a leda mai zif a firji, in za ki yi amfani da shi ki fito da shi sanyinsa ya sake na awa ɗaya ko biyu kafin ki buɗe robarsa, don kada raɓa ta kama shi. In babu wuta, wuri mafi sanyi a ɗaki, kusa da randa amma ba inda zai jiƙe ba. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, ƙwaya ɗaya a bakin gwangwani za ta ja layi tun daga hoton farko har na ƙarshe. In fim zai bi jirgi, ki roƙa a duba shi da hannu, don na'urorin binciken kaya, musamman sababbin nan na CT, suna yi masa illa.

Baƙi da fari ni nake wankewa a nan. Mai kala aikawa nake yi, saboda ruwan maganinsa, C-41, yana son zafi daidai digiri 37.8, kuma ba ya jimawa in an haɗa ba a yi amfani da shi ba. A nan ilimina ya tsaya, ban taɓa riƙe injin wankin kala da hannuna ba. Abin da na sani shi ne sai kin yi wa mai wanki bayani tun kafin ya fara. Injin sikanin yana gyara kala da kansa, in ya ga ja ya yi yawa sai ya zuba kore don ya daidaita, hoton ya fito kamar an jiƙa shi a miyar kuka. Mai aikin kuma, da kyakkyawar niyya, yakan tsallake duk gurbin da ya ga ya lalace. Wani ya taɓa yanke min wanda na fi so a tsakiya da almakashi, don bai ga inda hoton ya fara ba. Ki ce masa da gangan ne, kada ya gyara kala, ya yi sikanin kowane gurbi, kada ya yanka, kuma ya dawo miki da dodon hoton.

Dodon nan shi ne shaidarki. A jikinsa yoyo baƙi yake fitowa. In baƙin ya tsallake iyakar hoto ya hau kan ramukan gefe, ta baya hasken ya shigo, ko lokacin sa fim da cire shi. In ya tsaya cak a cikin iyakar hoto, ta gaba ne. In yana maimaita kansa a wuri ɗaya a kowane gurbi, kyamarar ce ke da kafa, kuma za ki lura ya fi ƙarfi a gurbin da ya daɗe yana jira kafin a naɗa shi, don yoyo taruwa yake yi da lokaci.

Duk da wannan bayanin, ba zan ce miki za ki riƙa samun abin da kika zana a zuci ba. A fim ɗaya in na samu biyar ko shida da suka yi min, na gode Allah. In ainihin jan nan kike so a kusurwa kaza a hoto kaza, manhajar waya za ta yi miki a minti ɗaya, kuma ba laifi ba ne, illa dai wanda ya saba yana ganewa, don tabo ɗaya ne ake ta liƙa wa kowa.

Fim ɗinki na biyun nan, ina fatan ba ki jefar da dodonsa ba. In yana wurin mai wanki, ki karɓo. Ki ɗaga shi a taga da safe, ki nemo baƙin wurin nan mai tsawon hoto 7, ki bi shi ta ɓangaren hotunan da kika fara ɗauka har inda baƙin ya fara sakin jiki. Gurbi biyu ko uku da ke wannan bakin iyakar, ki sa a sake yi musu sikanin ba tare da gyara ba. Ina kyautata zaton jan da kika sayi kyamarar dominsa yana nan, wataƙila ma a kan mutanen walimar. In ya fito ki turo min in gani, ki kuma gaida min yayar taki.